Rubuta wa Manya Wasiƙa: Darasin da Muka Koya a Bakin Kanal

Wata ranar Lahadi cikin watan Janairu, bayan an tashi daga sujada, sai dattawa huɗu suka tare mu a ƙofar makaranta. Hunturu yana busawa, kowa ya ƙudundune cikin mayafi. Babbansu ya ce, "Malam, alkama ta ɗauki ciki, yau kwana goma sha ɗaya ke nan ruwa bai iso gonakinmu ba. Ku ne masu alƙalami. Ku rubuta wa manya."

Muka ce, "To, Baba, wa za a rubuta wa?"

Ya ce, "Wanda ya fi kowa girma mana. Mai neman ruwa ai kogi yake nufa, ba randa ba."

Muka ga maganarsa kamar tana kan hanya. A daren nan muka kunna fitila muka zauna rubutu. Abin da ya biyo baya shi ne muke so mu ba masu karatu labari, gama mun tabbata akwai gidaje da yawa da ke da kuka irin namu, amma ba su san yadda za su kai shi ba.

Yadda ruwa yake zuwa mana

Ga waɗanda ba su san ƙasarmu ba, sai mu ɗan yi bayani. Ƙasar Dawakin Kudu tana iyaka da Kura da Bunkure, mutanenmu da yawa kuwa can suke noman rani, wani a gonar gado, wani a ta haya. Ruwan da ake ban ruwa da shi daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Iyayenmu sun ga aikin da idonsu. Ruwan yakan biyo babban kanal ta Ruwan Kanya, sa'an nan ya rabu biyu, reshe guda ya yi wajen Kadawa da Kura, guda kuma ya yi wajen Bunkure. Daga nan yana ta rarrabuwa cikin ƙananan hanyoyi har ya kai bakin gonar mutum. Ba inji ke tura shi ba, gangarowa yake yi da kansa. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, cikinsu har da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedkwata a Kano, ita ce kuwa aka danƙa wa wannan babban aiki.

Duk wanda ya taɓa noma a irin wannan wuri ya san abu guda. Mai gona a kusa da ƙofar ruwa shi yake fara sha, na ƙarshen layi sai abin da aka rage masa. Dattawan nan huɗu da maƙwabtansu a ƙarshen layi suke. Alkama kuwa in ta rasa ruwa lokacin da take fid da kai, ko an ba ta daga baya ba ta komawa daidai.

Wasiƙarmu ta fari

Shafi uku muka cika. Shafin fari duk kirari ne da addu'a. A na biyu muka faɗi maganar ruwa, amma da yake mun ga dama ta samu, sai muka haɗa da tsadar taki, da hanyar da ta lalace, da rufin aji biyu da iska ta yaye, da rashin magani a ɗakin shan magani. A na uku muka sa wata magana da aka ji a kasuwa, wai akwai masu ba da cin hanci a karkatar da ruwa zuwa gonakinsu. Ba wanda ya gani, ji kawai aka yi. A ƙarshe muka rubuta, "Mu ne talakawanka masu biyayya." Ba suna, ba adireshi, ba lambar waya, don kowa yana tsoron a ce shi ne ya kai ƙara. Muka ba wani direba da ya ce ya san wani wanda ya san masinjan babban mutumin.

Mako ya wuce, wata ya wuce, shiru. A shekarar nan wasu da ƙyar suka mayar da irin da suka zuba. Akwai wanda ya sayar da tunkiyar matarsa ya biya bashin taki, akwai yara biyu a ajinmu da suka yi zango guda a gida saboda kuɗin makaranta. Muka zauna muna cewa manya ba sa jin kukan talaka.

Akwai wani dattijo a garinmu da ya yi shekara talatin yana aikin akawu a birni kafin ya yi ritaya. Da ya ji muna gunaguni sai ya ce, "Malam, kawo mini kwafin wasiƙar in gani." Muka ce ba mu ajiye kwafi ba. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Ashe ba ku rubuta wasiƙa ba, jifa kuka yi cikin duhu."

Sa'an nan ya bayyana mana yadda takarda take tafiya a ofis. In ta shiga, akwai akawun da zai buga mata hatimi da kwanan wata, ya rubuta ta cikin babban littafi. Daga nan sai a sa ta cikin fayil ɗin da ya dace da maganarta, a kai wa shugaba. Shugaba yakan yi ɗan rubutu a gefe, ya tura wa ma'aikacin da abin ya shafa. Ya ce, "To, taku mai magana biyar, a wane fayil za a sa ta? Na ruwa, ko na taki, ko na hanya? In ma an so a amsa, wa za a amsa wa? Talakawa masu biyayya ai sun fi miliyan. Ga shi kuma kun zargi mutane ba shaida. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta."

Muka yi shiru, kunya ta kama mu. Mu da muke koya wa yara rubutun wasiƙa a aji, ga shi mun faɗi jarrabawa.

Ba yau aka fara ba

Rubuta wa masu mulki tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, haƙurin jiran amsa ma haka. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Clapperton wasiƙa ya kai wa Sarkin Ingila, George na Huɗu. Sai a 1826 Clapperton ya komo Sakkwato da saƙo da kyaututtuka. Shekara biyu ke nan tsakanin wasiƙa da amsarta, kuma wannan tsakanin sarki da sarki ne.

A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ta buɗe wa jama'a fili su aiko da wasiƙunsu, mahukunta kuwa suna karantawa. Editanta, Malam Abubakar Imam, ya tafi Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jaridun Afirka ta Yamma. A can ya sadu da Lugga, wanda ya daɗe da barin mulkin Nijeriya. Imam ya rubuta masa matsalolin Arewa dalla-dalla, Lugga ya amsa, suka yi musayar wasiƙu. Saboda an rubuta, kuma an ajiye, har yau masu binciken tarihi suna komawa ga takardun nan.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da abin da ke cikin Ezra sura 5 da 6. Gwamna Tattenai ya rubuta wa Sarki Dariyus yana tambaya ko da izini ake sāke gina Haikali. Aka bincika ma'ajin takardu, aka sami umarnin da Sarki Sairus ya bayar tun shekarun baya, sai aiki ya ci gaba. Da ba a ajiye takardar nan ba, da magana ta zama musu. Darasin tsohon akawunmu ke nan, mu ne muka manta.

Wasiƙa ta biyu

Da rani ya zagayo, ruwa ya sāke yin ƙaranci a ƙarshen layi. Wannan karo ba mu jira alkama ta ɗauki ciki ba. Muka fara zuwa wurin mai unguwa, shi kuma ya raka mu wurin dagaci, domin kada su ji labari a bakin wani. Muka tambayi ko wane ofishi ne yake kula da rabon ruwa a shiyyarmu, aka gaya mana. Ashe tafiyar rabin sa'a ce a kan babur. Ga abin da muka rubuta, bayan kwanan wata da adireshin makaranta a sama:

"Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu manoma goma sha tara ne masu gonaki a ƙarshen ƙaramar hanyar ruwa da muka zana taswirarta a bayan wannan takarda. Mun shuka alkama da tumatir. A makonni uku da suka wuce sau ɗaya ruwa ya iso mana, ranakun kuwa ga su a jere. Mun biya kuɗin ruwa, ga kwafin rasit. Muna roƙo a aiko wanda zai duba hanyar nan tare da mu kafin ƙarshen wannan wata, gama bayan haka alkama za ta fara fid da kai. Wanda za a nema shi ne mai suna na farko a ƙasa, ga lambar wayarsa. Mun gode."

Iyakarta ke nan, rabin shafi. Muka karanta wa kowa da ƙarfi, sau biyu. Masu iya rubutu suka sa hannu, sauran suka dangwala yatsa, mu kuma muka rubuta a ƙasa cewa mu ne muka rubuta a madadinsu, da sunanmu da adireshinmu. Wannan ba ƙawa ba ce, doka ce tun zamanin Turawa ga duk mai rubuta wa wanda bai iya karatu ba, don kada a sa wa mutum magana a baki. Muka yi kwafi biyu. Mutum biyu suka kai da hannunsu, suka roƙi akawu ya buga hatimi a kan namu kwafin, ya kuwa buga.

Bayan kwana tara sai ga wani ma'aikaci a kan babur. Ya bi hanyar ruwan da ƙafa tun daga ƙofa har ƙarshe, dattawa suna biye da shi. Mako guda bayan haka amsa ta zo cikin ambulan. Aka taru a inuwar makaranta, yaro ɗan aji shida ya karanta.

Abin da amsar ta ce

Ba abin da muka zata ba ne. Takardar ta ce ana buɗe ƙofa bisa ga tsari, ruwa kuma yana shiga yadda ya kamata. Amma ƙaramar hanyar ta cika da laka da kachala, har rabin ruwan ba ya wucewa. A wuri uku kuma an tare ta da buhunan ƙasa. Ta tuna mana cewa yashe ƙaramar hanya aikin manoman da ke sha daga cikinta ne, ta hannun ƙungiyarsu ta masu amfani da ruwa. A ƙarshe ta ce akwai kwalbatin da ya rufta a inda ruwan yake ratsa hanyar mota, amma wannan ba a hannunsu yake ba, ta faɗi ofishin da za mu nema.

Wurin ya yi tsit. Masu buhunan ƙasan nan ba baƙi ba ne. Ɗaya surukin Baba ne, ɗaya kuma tare muke zama a benci guda ranar Lahadi. Ƙungiyar masu amfani da ruwa kuwa muna jin sunanta, musamman tun da aka fara babban gyaran kanal da rancen da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, amma yawancinmu ba mu taɓa zuwa taronta ba. Mun ɗauka ta masu manyan gonaki ce.

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe mun tafi kogi neman abin da ke cikin randarmu."

Ranar Asabar aka yi gayya. Da shebur da fartanya da lauje aka fita, mata suka kawo kunu. Na kusa da ƙofa da na ƙarshen layi suka zauna gaban dagaci aka raba kwanaki, aka rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. Kwana biyu bayan haka ruwa ya kai gona ta ƙarshe. A shekarar nan ba wanda ya sayar da tunkiya.

Mun lura da wani abu. Shekara da shekaru ana gaya wa masu tare ruwa su bari, ba su ji ba, har an yi zage-zage. Amma da magana ta fito a rubuce daga wanda ba shi da dangi a cikinmu, sai kowa ya sauko. Amsar babban mutum ba kullum take kawo abin da aka roƙa ba. Wani lokaci gaskiya take kawowa, mai ɗaci ma, sai mai hankali ya karɓa.

Irin amsoshin da akan samu

Maganar kwalbati kuwa ba ta ƙare ba. Mun rubuta wa ofishin da aka nuna mana, aka amsa da layi biyu cewa an sami wasiƙarmu, ana dubawa. Wasu suka yi murna har suna so a sa takardar cikin gilashi a rataye a bango, don tana da tambarin gwamnati. Tsohon akawu ya hana. Ya ce, "Takarda ba ta ɗaukar mota ta ƙetare rami. Ku duba lambar da ke samanta, ita ce dukiyarku." Watau lambar fayil. Duk sa'ad da za a sāke rubutu, sai a ambaci lambar nan da kwanan watanta, don kada a fara magana daga farko.

Ga abin da muka koya a kan amsoshi. In an ce an sami wasiƙarka, ka ba da wata guda, sa'an nan ka aika da tuni cikin ladabi. In an tura ka wani ofishi, ka haɗa kwafin takardar da ta tura ka. In an yi alkawari, ka rubuta godiya, ka maimaita alkawarin da lokacin da aka faɗa a cikin godiyar. In an ƙi, ka karanta dalili da kyau, gama wani lokaci dalilin yana nuna ƙofar da ta dace.

Ƙofofin da ke buɗe

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya san wanda zai kira. A fara daga kusa, watau mai unguwa da dagaci da hakimi, da kansila da shugaban ƙaramar hukuma. In abin ya fi ƙarfinsu, akwai ɗan majalisar jiha da na tarayya. Majalisar Dattawa da ta Wakilai kowacce tana da kwamitin da ke duba koke-koken jama'a, ɗan majalisarku kuwa shi ne zai gabatar da naku.

In ofishi ya zalunce ka ko ya yi ta jan ƙafa, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammad. Tana da ofishi a kowace jiha, ba a kuma biyan ko kwabo. Sai dai takan so ta ga ka fara bin hanyoyin da ke akwai, kada kuma ka bar magana ta wuce wata goma sha biyu, ba ta kuma shiga maganar da ke gaban kotu. A nan ne kwafi mai hatimi yake da rana.

Har wa yau akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Bisa ga dokar nan, in ka rubuta wa ofishin gwamnatin tarayya kana neman wani bayani, misali ko an ware kuɗi domin wani aiki, wajibi ne a amsa maka cikin kwana 7, ko da yake akan iya ƙara wasu kwana 7 in takardun suna da yawa. Ba sai ka faɗi dalilin tambayarka ba. In an ƙi ba ka, sai an rubuta maka dalili. Wanda bai iya rubutu ba yana da iko ya sa wani ya nema masa.

Wani zai ce yanzu zamanin waya ne, me ya sa ba za a tura saƙo ta WhatsApp ba, ko a kira gidan rediyo? Waɗannan suna da amfaninsu, mu ma mun ɗauki hoton kwalbatin da waya muka haɗa da wasiƙa. Amma saƙon waya yakan ɓace in an sauya ma'aikaci, maganar rediyo kuma iska ce. Fayil yana nan ko shugaba ya tafi.

Mu koya wa yaranmu

Tun daga lokacin nan, kowace shekara 'yan aji shida sukan zaɓi magana guda da ta dame su, su rubuta wa wanda abin ya shafa, mu duba, iyaye su yarda, a aika. Mukan ba su labarin Samantha Smith, yarinya 'yar shekara 10 a Amurka, wadda a 1982 ta rubuta wa shugaban Tarayyar Sobiyat, Yuri Andropov, tana tambayarsa ko za a yi yaƙin nukiliya. A watan Afrilu 1983 ya amsa mata, ya gayyace ta, ta kuwa ziyarci ƙasarsa a watan Yuli. Ta yi tambayoyinta a fili, da sunanta a ƙasa.

Mukan gaya musu kuma kada wasiƙa ta zama ta kuka kullum. Ma'aikacin nan da ya bi hanyar ruwa da ƙafa, yara sun rubuta wa shugabansa suna yaba masa. An ce mana ya yi mamaki ƙwarai, wai tun da ya fara aiki ba a taɓa rubuta sunansa ba sai in ƙara ce.

Iyaye, ku ma kuna iya yin haka a gida. In akwai abin da ya dami unguwarku, ku zauna da yaranku masu karatu. Ku ɗauki magana guda. Ku faɗi abin da kuka gani da ido, da ranarsa. Ku faɗi abin da kuke roƙo. Ku girmama mutum ba tare da kun cika shafi da kirari ba, gama durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma mai aiki ba shi da lokacin dogon zance. Ku sa sunayenku, ku ajiye kwafi.

Kwalbatinmu har yanzu ba a gyara ba. Motocin tumatir suna zagayawa ta wata hanya, kuɗin dako ya ƙaru a kan kowane kwando. Takardunsa uku suna cikin kabad ɗin hedimasta, a jere bisa ga kwanan wata. Ta huɗu mun riga mun rubuta, da kwafi zuwa ga kansila da ɗan majalisa. Baba ya ce wannan karo shi da kansa zai kai, ya kuma ce a sa sunansa a farko.